Kiwon macizai: yadda ake zaɓen kantar da jarirai ba za su sulale daga cikinta ba

A farkon kowace damina, dubban ƙwayayen ƙaramar mesa ne ke fashewa a gidajen kiwo na kudancin Togo, Benin da Gana. Cikin ƴan makonni ake tura akasarin jariran zuwa Amurka, Turai da Asiya, inda mutane ke ajiye su a gida kamar yadda ake ajiye aku ko kanari. Daga mai gidan kiwo a Lome har zuwa mai saye a ƙetare, matsala guda ce ke tasowa tun ranar ƙyanƙyasa: a ina za a ajiye dabbar da kaurinta bai wuce na yatsa ba, wadda kuma ke kwana tana laluben hanyar fita?

Macijin da ake magana a kai shi ne wanda ake kira « python royal » da Faransanci, masana kimiyya kuma na ce masa Python regius. Dangin mesa ne, amma ƙarami: babba ba kasafai yake wuce mita ɗaya da rabi ba, ba shi da dafi, kuma in ya tsorata sai ya dunƙule ya cusa kansa a tsakiya. Ana samunsa a dazuzzukan ciyawa daga Senegal har zuwa Yuganda, yana fakewa a ramukan gafiya da tsofaffin suri. A garin Wida na ƙasar Benin har ɗakin bauta aka gina masa, kuma mutanen garin ba sa kashe shi.

Cinikinsa yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a birnin Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975. An sa shi a rukuni na biyu, wato ana iya fitar da shi amma sai da takardar izini. Togo, Benin da Gana su ne kan gaba wajen fitarwa, kuma miliyoyi sun bar waɗannan ƙasashe tun da aka fara lissafi. Yadda tsarin yake shi ne mafarauta su tono mata masu ƙwai, ko ƙwayayen kansu, a lokacin rani, a kai su gidajen kiwo. Mace kan yi ƙwai kamar 4 zuwa 10, su fashe bayan kwana 55 zuwa 60. Bisa ƙa'ida ana mayar da iyayen daji tare da wani kaso na jariran, a sayar da sauran. Duk jaririn da ya gudu kafin ranar tafiya asara ce ga mai shi, kuma sau da yawa ajalin jaririn ne, domin in ba a wurare irin su Wida ba, macijin da aka gani a unguwa sanda ce rabonsa.

Mece ce wannan kanta?

Masu kiwon macizai a Amurka da Turai ne suka yaɗa wannan tsari, domin su iya ajiye jarirai masu yawa a ƙaramin ɗaki, kowanne shi kaɗai. Kanta ce mai hawa-hawa, a kowane hawa ana zura robobi masu kusurwa huɗu kamar aljihun tebur. Robar jariri kan ɗauki kimanin lita 5 zuwa 6, tsawonta ya ɗan haura santimita 30, zurfinta kamar santimita 11. A ciki ana shimfiɗa takarda, a sa ɗan kwanon ruwa da wani abin da macijin zai ɓuya a ƙarƙashinsa.

Abin da ya bambanta ta da kantar shago shi ne yawancin robobin ba su da murfi. Allon da ke saman roba shi ne murfinta. In aka jawo robar ta buɗe, in aka tura ta ta rufu. Wannan yana sauƙaƙa aiki ga mai jarirai ɗari ko fiye, tunda ba sai ya tsaya buɗe murfi ɗaya bayan ɗaya ba a duk lokacin ba da ruwa ko canza takarda. Ajiye kowane jariri shi kaɗai kuma yana sa a san wanda ya ci da wanda ya ƙi ci, sannan yana rage yaɗuwar cuta da ƙananan ƙwari masu shan jini irin na macizai.

To amma tunda babu murfi, dukan tsaron ya ta'allaƙa ne kan ƴar ratar da ke tsakanin bakin roba da allon sama. Wanda zai sayi kanta ko zai ba kafinta aikinta, wannan rata ce abin da zai fara dubawa kafin kyau, kafin farashi.

Me ya sa jariri ya fi babba iya gudu?

Maciji ba shi da kafaɗa, ba shi da ƙashin ƙirji da ke haɗe haƙarƙarinsa daga ƙasa. Saboda haka yana iya baje jikinsa ya yi lebur, kuma sau da yawa kafar da kansa ya shiga, sauran jikin kan bi, muddin bai ƙoshi da abinci ba. Kan jariri kuwa ƙarami ne ƙwarai. Jaririn ƙaramar mesa yana fitowa daga ƙwai da tsawon santimita 25 zuwa 40, nauyinsa bai kai giram 100 ba. Akwai waɗanda suka fi shi sirantaka nesa ba kusa ba: jaririn macijin masara na Amurka, wanda Faransawa ke kira « serpent des blés », kaurinsa kamar fensir ne, nauyinsa bai kai giram 10 ba. Jaririn macijin gida na Afirka, mai farautar kusu a rumbuna, shi ma kusan haka yake.

Bayan ƙanƙanta akwai naci. Ƙaramar mesa da dare take yawo. Jariri kan miƙe ya bi bakin robar da hancinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, yana dannawa, ya maimaita haka dare bayan dare. In ya sami wurin da robar ke ɗan lanƙwasawa ko allon ke ɗan ɗagawa, sai ya cusa hanci ya yi amfani da ƙarfin jikinsa ya faɗaɗa wurin. Ratar da ido ya gani kamar ba komai da rana tana iya ninkuwa da dare.

Akwai haɗari na biyu da ya fi gudun muni. Ratar da ta isa kai ya shiga amma ba ta isa jiki ya wuce ba tana maƙale jariri a tsakiya. Da safe mai kiwo ya zo ya jawo robar bai sani ba, ya karya masa baya ko wuya.

Milimita nawa?

Ga jariran ƙaramar mesa, masu kiwo kan bar ratar da ba ta wuce milimita 3 ba. Ga sirara irin macijin masara da macijin gida, ratar ba ta wuce milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙa'idar ita ce a auna da mafi ƙanƙantar jaririn da za a taɓa sawa a kantar. Kantar da aka yi domin manya ko domin jariran mesa ba za ta riƙe jaririn macijin gida ba, ko da mai sayarwa ya ce ta jarirai ce.

Ba sai an mallaki ma'aunin injiniya ba kafin a gwada. Kaurin katin banki milimita 0.76 ne. Kati biyu a haɗe sun kai kimanin milimita ɗaya da rabi, huɗu kuma kimanin milimita 3. In kati biyar suka shiga tsakanin roba da allo, wurin bai dace da jaririn mesa ba. In uku suka shiga, bai dace da sirara ba. Ana yin gwajin a kusurwoyi da tsakiyar kowane gefe, kuma a kowane gurbi na kantar, domin sau da yawa gurbi guda ne kawai ke da aibi a cikin ashirin. Ga bayan kanta inda hannu ba ya kaiwa, ana sa tocila a kunne cikin robar, a tura ta, a kashe fitilar ɗaki, a duba inda haske ya fi fitowa.

Wani zai ce to a matse ratar gaba ɗaya mana. Hakan ma yana da illa. Ta ratar ce iska ke shiga a kantar da ba ta da murfi. Sannan robar da ta matse takan cije, mai kiwo ya fizgo ta da ƙarfi, ruwa ya zube, jaririn ya firgita ya yi tsalle waje. Abin da ake nema shi ne roba ta zame da hannu ɗaya ba tare da ta yi girgiɗi sama da ƙasa ba.

Ga macizai sirara, hanya mafi aminci ita ce a haɗa biyu: roba mai murfinta, sannan a zura ta cikin gurbin da allon sama zai danne murfin. Aikin ya fi cin lokaci, amma jaririn ba shi da inda zai ɗaga.

Katako, roba ko ƙarfe?

Rata mai kyau ranar saye ba ta da amfani in za ta canza bayan wata shida. A nan ne yanayin Afirka ta Yamma ke shigowa cikin lissafi, domin yawancin kantocin da ake gani a intanet an tsara su ne don ɗakunan da zafi da laimarsu ba sa sauyawa sosai.

Mafi araha ita ce ta katakon garin itace da aka matse aka lulluɓe da farar fata mai santsi, irin wanda ake yin kabad ɗin zamani da shi. Yana da sauƙin gogewa, amma da zarar ruwa ya shiga ta gefen da aka yanka sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. A birane masu laima kamar Lome da Kwatano, ga kuma tururin kwanon ruwa da ke bugun allon daga ƙasa kullum, wannan katako ba ya daɗewa. Yana kuma lotsawa a tsakiya in allon ya yi tsawo. Da allon da roba ke zaune a kai ya lotsa, robar ta yi ƙasa, ratar sama ta buɗe.

Katako na gaske yana da tasa matsalar: yana shan laima ya kumbura da damina, ya bushe ya kanannaɗe da hunturu. A Yamai ko Damagaram, inda laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar rani sannan ta hau sosai a watan Agusta, gurbin da ke cije roba da damina yana iya zama ƙofar fita da rani. Ga kuma gara, wadda ke cin katako daga ciki ba a sani ba.

Allon roba na PVC mai kauri ba ya shan ruwa, gara ba ta cinsa, ba shi da nauyi, kuma yana riƙe ɗumi. Shi ya sa masu kiwo da yawa suka koma kansa. Amma in siriri ne yana lanƙwasawa da zafi, don haka ana son kauri kamar santimita ɗaya ko fiye, da bango a tsaye tsakanin robobi don kada allon ya yi tsawo ba madogara. Kanta ta ƙarfe ko alminiyom ita ce ta fi riƙe ma'auninta, wasu ma suna da raga a saman kowace roba don iska. Ta fi tsada, kuma a bakin teku ƙarfen da ba a yi wa fenti mai kyau ba yana tsatsa. In raga ce a sama, idonta ya zama ƙanana, kuma ta zama mai santsi, domin jaririn da ke goga hanci a kan waya mai kaushi yana ji wa kansa ciwo. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma kuɗin jarirai biyu ko uku da suka ɓace kan cinye rangwamen da aka samu.

Wanda zai ba kafinta ko mai walda aiki, ya kai masa robobin da kansu, kada ya kai ma'auni a takarda. Ana gini ne daga ƙasa zuwa sama: a ajiye roba a kan allo, a ɗora mata katunan gwaji ko tsohon faifan CD, wanda kaurinsa milimita 1.2 ne, a ɗora allo na gaba a kai, a ɗaure shi, sannan a zare katunan. Haka ake yi hawa bayan hawa.

Ita ma robar sai an zaɓa

Robobi biyu masu lita ɗaya daga kamfanoni biyu ba lalle tsayinsu ya zo ɗaya ba. Ko kamfani guda kan canza zubinsa bayan wasu shekaru. Bambancin milimita 2 ya isa ya ɓata kanta. Saboda haka ana sayen robobi da kanta a lokaci guda, a ƙara wasu na ajiya daga kaya ɗaya, domin ranar da wata ta fashe kada a cike gurbinta da wadda aka samu a kasuwa.

Ana duba bakin robar: ya zama mai kauri, a miƙe, ba mai lanƙwasawa in an danna shi da yatsa ba. A kifa ta a kan tebur mai lebur, in ta yi rawa ko haske ya ratsa ta ƙarƙashin wani gefe, a ajiye ta gefe. Wasu robobin suna da ɗan lotsi a bakin, wurin da hannun murfi ke kamawa, kuma ta nan jarirai ke yawan fita. Robar da ta sha rana tana yin gautsi ta tsage, don haka ba a shanya su a tsakar gida bayan wanki.

Ramukan iska, in ana bukatarsu, ana huda su ƙanana masu yawa, kowanne bai wuce milimita 2 ba, a saman bangon roba. Ƙarfen dalma na masu gyaran rediyo ya fi kusa dacewa da aikin, domin yana narkar da gefen ramin ya yi santsi. Ramin da aka huda da kusa ko wuƙa yana barin kaifi, kuma daga nan tsaga ke farawa.

Sai batun gaba da baya. Dole a sami abin tsayarwa a bayan gurbi, don kada roba ta wuce ciki ta bar kafa. Daga gaba kuma, maciji mai ƙarfi yana iya dafa allon sama ya tura robar waje kaɗan-kaɗan. Wasu kantoci suna da ɗan tudu a bakin gurbi, wasu ana zura sandar ƙarfe daga sama zuwa ƙasa a gaban layin robobi. Ƴar sakata mai juyawa a kowane gurbi ita ma tana yi. Akwai abu guda da ba a toshe kafa da shi: salatif. Jariri kan manne a jikinsa, kuma ƙoƙarin cire shi yana ɗaye masa fata.

Zafi da wayoyin lantarki

Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa, shi ya sa a ƙasashen sanyi ake shimfiɗa zirin ɗumama na lantarki a bayan kowane hawa. Ƙaramar mesa tana son gefe guda na robar ya kai digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Selsiyus, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 27, don ta zaɓi inda ya yi mata. Ba a haɗa zirin da wuta sai ta na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wutar in ya kai iyaka. In babu ita, zirin yana iya ƙona jarirai, ya narkar da gindin roba har ta karkace, ko ya tayar da gobara.

Duk inda waya ta ratsa kanta, kafa ce. A duba ramin da wayar zirin ta bi da wanda wayar ma'aunin zafi ta bi, a toshe su da abin da ke bushewa ya taurare. Kada a bi da waya ta kan bakin roba, domin tana ɗaga allon ko ta danne bakin.

A yankin Sahel matsalar ta juya: zafi ne ke yawa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai kan haura digiri 40, alhali zafin da ya wuce 35 na tsawon lokaci yana iya halaka jariri a cikin rufaffiyar roba. Hawa na sama ya fi zafi, musamman a ɗaki mai rufin kwano. Macijin da zafi ya dama yana ninka ƙoƙarinsa na fita, haka ma wanda ba shi da maɓoya ko ruwa. Ke nan ɗaki mai sanyi, maɓoya mai matse jiki da kwanon ruwan da ba ya kifewa suna cikin matakan hana gudu. Wanda ya dogara da na'urar sanyaya ɗaki kuma ya tanadi abin yi in an ɗauke wuta da tsakar rana.

Masu dafi ba sa shiga wannan lissafi

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi macizai marasa dafi ne. Kububuwa, kasa da gamsheƙa suna zuwa duniya da dafinsu. Jaririn kububuwa bai kai santimita 15 ba, kasa kuma haihuwa take yi, sau da yawa ƴaƴa 20 zuwa 40 a lokaci guda. Cibiyoyin bincike suna ajiye irin waɗannan macizai don tatsar dafin da ake haɗa maganin sara da shi, kamar yadda aka yi da macizan Najeriya a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful wajen samar da maganin EchiTAb. Aiki ne mai muhimmanci, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara.

Ga irin waɗannan, roba marar murfi haɗari ce, domin da an jawo ta macijin yana fuskantar hannu da fuskar mai aiki. Ana amfani da mazubi mai murfi da makulli, wanda ake ganin cikinsa kafin a buɗe, a yi aiki da ƙugiya mai dogon hannu, a ɗaki mai kwaɗo, da maganin dafi a kusa. Wannan ba kiwon gida ba ne.

Ɗakin shi ne katanga ta biyu

Ko manyan gidajen namun daji maciji yana kuɓuce musu. A watan Maris na 2011, wata ƙaramar gamsheƙar Masar ta ɓace a gidan namun daji na Bronx da ke birnin Niyok. An rufe sashen macizai, aka yi kusan mako guda ana nema, daga bisani aka same ta a cikin ginin, ba ta fita waje ba. A watan Oktoba na 2022, a gidan Skansen na birnin Stockholm a Siwidin, wani babban maciji mai dafi na Asiya ya fice ta gurbin fitilar da ke saman kejinsa. An jima ana ajiye irinsa a kejin ba matsala, amma an canza fitilar zuwa marar zafi, tsohuwar kuwa zafinta ne ke korar macizai daga wurin. Shi ma a cikin ginin ya tsaya, ya koma da kansa bayan kimanin mako guda. A duka biyun, ginin ne ya tare abin da kejin ya kasa tarewa. Na Siwidin kuma ya nuna cewa duk ɗan canjin da aka yi wa mazauni yana bukatar sabon gwaji.

Ɗakin jarirai yana bukatar abin toshe ƙasan ƙofa, ragar sauro mai ƙarfi a tagogi, murfi a kan magudanar ruwa, da toshe ratar da ake bari tsakanin bango da kwano a gine-gine da yawa na yankin. A bar ƙasa fili ba tarkace, a sa wa kanta tayoyi don a iya jawo ta a duba bayanta. A rubuta lamba a kan kowace roba, a ƙirga safe da yamma, kuma kada a bar roba a buɗe a juya baya, ko da don ɗauko ruwa ne.

In jariri ya ɓace, ana fara nema daga kusa: cikin kantar kanta, bayanta, ƙarƙashin sauran robobi, sannan wurare masu duhu da ɗumi kamar bayan firji. Ana barbaɗa garin fulawa a gindin bango da bakin ƙofa da dare, da safe sawunsa zai nuna inda ya nufa.

Abin da gudu ke jawowa

Jariri yana girma, kuma wanda ya saba da sakaci tun macijinsa na ƙarami zai ci gaba da shi. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na Kanada, wata mesar Afirka mai kusan mita 4 ta bi ta bututun iska da ke saman kejinta, ta faɗa ɗakin da wasu yara biyu ƴan gida ɗaya ke barci, masu shekara 4 da 6, ta kashe su.

Akwai kuma illa ga muhalli in macijin baƙo ne a ƙasar. A jihar Filorida ta Amurka, mesar Bama da aka shigo da ita don kiwo ta bazu a fadamun Everglades tana cinye namun dajin wurin, abin da ya sa a 2012 hukumomin Amurka suka hana shigo da ita tare da manyan mesoshin Afirka iri biyu. A tsibirin Gran Canaria na ƙasar Sifaniya, wani macijin Kalifoniya da aka fara gani a daji a 1998 ya yaɗu yana cin ƙadangarun da babu irinsu a ko'ina, kuma an kama dubbai ba a ga bayansa ba. Wannan darasi ya shafi duk wanda ke shigo da macizan ƙetare Afirka ta Yamma, inda babu sanyin da zai kashe wanda ya gudu.

Ta fuskar doka, kamawa da ajiye namun daji na bukatar izini. A Nijar, doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ce ta tsara farauta da kare namun daji, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke sa ido a kai. Nijar da maƙwabtanta duk suna cikin yarjejeniyar CITES, saboda haka tsallaka iyaka da mesa ba takarda laifi ne.

Kanta ba gidan dindindin ba ce

Tsarin kanta yana da masu suka. Wani bincike da masana daga birnin Munik na Jamus suka buga a mujallar PLOS ONE a 2021 ya kwatanta ƙananan mesoshi a kanta da kuma a keji mai faɗi da aka ƙawata da rassa da maɓoya. Ya gano cewa a kanta ba sa samun damar yin abubuwa da dama na ɗabi'arsu, kamar hawa, shan ɗumin fitila da shiga ruwa. Masu kiwo kuwa suna kafa hujja da cewa jariri ya fi natsuwa ya karɓi abinci a wuri matsattse mai kama da rami.

Abin da za a iya ɗauka daga ɓangarorin biyu shi ne ƙaramar roba ta watannin farko ce. Jariri kan yi saɓarsa ta farko cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan ƙyanƙyasa, sannan ya fara cin ƴaƴan kusu, daga nan girma ke kankama. Da zarar tsawonsa ya wuce abin da robar za ta bari ya miƙe, lokacin sauya masa wuri ya yi. Matsi yana ƙara masa naci, ga shi ƙarfinsa ya ƙaru.

Ƙwan ƙaramar mesa yana ɗaukar kusan wata biyu kafin ya fashe, kuma wannan lokaci ya isa a shirya. A kafa kantar a ɗakin da za ta zauna, a daidaita ta kada ta karkata, a zura robobi da ruwa a ciki, a kunna abin ɗumama in ana bukatarsa, a bar ta kwanaki ba kowa a ciki ana duba ma'aunin zafi a hawan sama da na ƙasa. Bayan haka a sake gwajin kati da na tocila a kowane gurbi, a maimaita shi a farkon damina da farkon hunturu. Gurbin da ya faɗi gwaji a cire robarsa, a bar shi fanko har sai an gyara.